Yadda Ake Tayar da Tsohon Keke Mai Giya na Gwanjo

Keken da nake hawa yanzu, ranar da na saye shi turo shi na yi har gida, don kacarsa ta bushe ta sandare, ko juyawa ba ta yi. Maƙwabcina ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Malam, jari-bola ka fara?" Bayan kwana huɗu shi ne ya fara zuwa aro. Keken hawan dutse ne mai faffaɗar taya, irin waɗanda ake shigowa da su gwanjo daga Turai ta Kwatano da Legas. Na tayar da irinsa da dama, nawa da na yaran unguwa, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne: rabin aikin wanki ne da giris, ba sayen kaya ba. Sau da yawa tsohon ƙarfen kamfanin Shimano da ya zo a jikin keken ya fi sabo mai sheƙi da za a miƙo maka a leda.

Kayan aiki

Waɗanda ba makawa: alanki mai lamba 4 da 5 da 6, sifana 8, 9, 10, 15 da 17, sikundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, ƙaramar guduma da guntun katako, famfon iska, tsohon buroshin goge baki, tsummokara masu yawa, kananzir ko dizal kamar rabin lita, giris, sanfefa mai laushi, sabulun gari da bokiti, sholisho da faci. Ka tanadi gwangwanayen madara huɗu ko biyar na zuba notina, da tsohon zanin gado fari da za ka shimfiɗa a ƙasa. Ƙwayar boris in ta faɗa cikin yashi, sai dai ka yi mata addu'a.

Akwai kayan da na keke ne kawai: siraran sifanu na kon (ɗan ƙarfen da boris ɗin wili ke gudu a kansa) masu lamba 13 da 15, abin yanke kaca, abin zare hannun feda, makullin ɗaure wayoyin wili, da makullin kwance haƙoran baya, wato jerin ƙananan farantan da kaca ke hawa a wilin baya. Ba sai ka saye su duka ba don keke ɗaya. Ka kai wa mai gyaran keke guntun aikin da ke buƙatarsu, ka tsaya a kansa. Sifanar kon kuwa, in ka rasa, ka kai tsohuwar sifana 15 wajen mai walda ya goge mata kauri da giranda har ta dawo kamar milimita 2.

In ba ka da abin rataye keke, ɗaura igiya a reshen bishiya ko azarar rumfa, ka rataye shi ta sirdi. Ya fi kifa shi a ƙasa, wanda ke karya maɓallan giya.

Kada ka sayi kaca ko taya ko waya tukuna. Sai ka gama mataki na uku za ka san ainihin abin da ya mutu.

1. Duba firam kafin ka kashe ko sisi

Komai na jikin keke ana canja shi, ban da firam, wato gangar jikin keken. Ɗauki mayen ƙarfe ka manna. In ya kama, ƙarfe ne. In bai kama ba, yawanci alminiyam ne. Wani lokaci za ka ga an rubuta a jiki: Cr-Mo ko 4130 ƙarfe ne mai kyau mara nauyi, 6061 ko 7005 kuma alminiyam. Bambancin yana da amfani, domin ƙarfe in ya tsage mai walda zai iya ɗinke shi, alminiyam kuwa in ya tsage ka haƙura kawai. Waldarsa ta daban ce, kuma ko an yi, wajen yakan yi rauni ya sake ɓallewa ba sallama.

Goge duk mahaɗar bututu da tsumma ka duba a cikin rana: ƙarƙashin wuya, kewayen tsakiya inda feda ke juyawa, bakin bututun sirdi, da inda wilin baya ke shiga. Shafa yatsa a ƙarƙashin babban bututun da ya gangaro daga wuya. In ka ji ƙulli ko fenti ya tattare, keken ya taɓa yin karo ta gaba. Tsatsar sama ba komai ba ce. Wadda ake tsoro ita ce ta ciki, domin a ƙasashen sanyi gishiri suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, shi kuwa yana cin ƙarfe. Danna bakin sikundireba a duk inda fenti ya kumbura. In ya lotsa, firam ɗin ya gama yawo.

Don gane ko ya karkace, ɗaura zare a inda wilin baya ke shiga ta dama, ka zagayo da shi ta wuya, ka dawo ka ɗaure a hagu. Tazarar zaren da bututun sirdi ta zama ɗaya a ɓangarorin biyu.

Sai abin da mutane ke mantawa: kwance notin sandar sirdi ka murɗa. In ta motsa, alhamdu lillahi. In ta ƙi, ka rage kuɗin sosai ko ka bar keken, za ka ga dalili nan gaba. Ka tsaya kuma da keken a tsakanin ƙafafunka. Ya kamata a samu tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninka da bututun sama. In a hannun wani za ka saya ba a shago ba, kifa keken ka kwafi lambar da aka buga a ƙarƙashin tsakiya, a rubuta ta a takardar ciniki da shaida. Keken sata ba ya zuwa da tambari a goshi.

2. Hoto, sannan wanki

Ɗauki hoton keken ta kowane ɓangare da wayarka, musamman yadda kaca ta bi ta cikin injin giya na baya da yadda wayoyi suka zagaya. Bayan kwana uku ba za ka tuna ba, ko ka rantse za ka tuna. Wanke shi da ruwan sabulu da soso. Kada ka kai shi wajen wankin mota a feshe shi da injin, ƙarfin ruwan yana kutsawa cikin boris ya kori ɗan giris ɗin da ya rage.

3. Wargaza shi

Da daddare ka ɗiga kananzir ko WD-40, man feshin nan mai sassauta tsatsa, a kan kowane noti, da safe ka fara. Cire wili biyu, yanke tsofaffin wayoyin birki da na giya, amma ka ajiye rigunansu don auna tsawon sababbi. Kowane sashe da gwangwaninsa.

Feda ita ce tarko na farko. Ta hagu tiredinta a juye yake. Hanya mai sauƙin tunawa: sa sifana 15 tana kallon sama, ka tura ta wajen bayan keke, ko dama ko hagu duk haka ake kwance su. Kofunan tsakiya kuma akasin haka ne a yawancin waɗannan kekuna: sifana a sama, ka tura ta wajen gaba, domin na dama ne mai juyayyen tiredi. Na taɓa ganin wani ya sa bututu a sifana ya hau kai da ƙafa yana "kwancewa", ashe ɗaurewa yake, har tiredin ya cinye.

Hannun feda, in irin mai ramin kusurwa huɗu ne, ba ya fita don ka cire notinsa. A matse yake, sai da abin zarewa. Ka murɗa abin zarewar ya shiga har ƙarshe kafin ka fara matsawa, in ba haka ba zai fito da tiredin alminiyam ɗin a jikinsa. Kada ka yarda a sa masa kurfi da guduma. Wani mai gyara ya yi mini haka sau ɗaya, ina tsaye ina kallo ban san illar ba, hannun ya fita amma bai ƙara zama daidai ba. In babu abin zarewa ko kusa, sassauta notin zagaye biyu ka taka keken a hankali a tsakar gida har ka ji ya motsa, ka tsaya nan take. Dabara ce ta dole, tana iya faɗaɗa ramin.

Kan keke iri biyu ne. Tsohon yayi yana da dogon noti ɗaya a sama: sassauta shi zagaye uku ko huɗu, ɗora katako a kai, ka buga sau ɗaya, zai saki. Sabon yayi yana da notina biyu a gefe da murfi a sama, shi kwancewa kawai ake yi.

Yanzu sandar sirdin da ta kafe. Yawanci alminiyam ce a cikin bututun ƙarfe da ba a taɓa shafa wa giris ba, suka haɗe kamar an yi musu walda. Jiƙa ta da kananzir ta sama, ka kifa keken ka zuba ta ramin tsakiya ma, ka yi kwana uku kana maimaitawa. Sannan ɗaura tsohon sirdin da ba ka so, ka murɗa dama da hagu kana ja sama. Kada ka buga ta ƙasa, ƙara nutsewa za ta yi. Kada kuma a gasa ta da wuta, alminiyam ya fi ƙarfe kumbura in ya ji zafi, ga fenti ya ƙone a banza. In duk ta ƙi, sai a yanke ta a bar ɗan yatsa biyu a waje, a zura zarto ciki a tsaga ta a tsaye. Aikin yini guda ne. In za ka sayi wata, duba lambar da ke jikin tsohuwar: 25.4, 26.8, 27.2, 30.9, 31.6, duk milimita ne, kuma ko kaɗan aka saɓa ba ta zama.

4. Tsatsa da fenti

A nan masu farawa ke zuba kuɗinsu, ni kuwa a nan na fi tsuke hannu. Fentin kamfani ya fi duk wanda za ka fesa da gwangwani ƙarko. Goge wuraren tsatsa da sanfefa har ƙarfe ya fito, shafa jan fentin hana tsatsa, sannan ɗan fenti mai kama da launin. Sassa masu sheƙi kuma, dunƙule takardar alminiyam ta naɗe abinci, ka tsoma a ruwa ka goge, za ka sha mamaki. In ka nace sai ka fente duka, toshe ramin tsakiya da na wuya da na sirdi da jarida, ka fesa siriri sau uku maimakon mai kauri sau ɗaya, kuma ba ranar da iskar hunturu ke tashi ba.

5. Boris da giris

Wannan shi ne zuciyar aikin. Keken da ake cewa "ya yi nauyi", yawanci giris ɗinsa ne ya bushe ya zama kamar ƙanzo.

Fara da wilin gaba, ya fi sauƙi. A kowane gefe na aksil akwai kon, sannan noti da ya danne shi. Kwance gefe ɗaya kawai, ka bar ɗayan yadda yake, don kada aksil ɗin ya gusa daga tsakiya. Riƙe kon da siririyar sifana, kwance notin, zare aksil a kan farin zanin nan. Ƙirga ƙwayoyin. A yawancin kekuna, gaba 10 ne a kowane gefe masu girman 3/16 na inci, baya kuma 9 masu girman 1/4. Kada ka gauraya su.

Wanke komai da kananzir, ka duba kon a rana. Layin da boris ke bi ya zama santsi. In ka bi shi da bakin biro ka ji gargada, kon ɗin ya ci, nemi wani, ka tafi da tsohon kasuwa don gwadawa. Ƙwayoyin kuwa ba su da tsada, canja su duka a lokaci ɗaya, kada ka haɗa tsoho da sabo. In kofin cikin cibiyar wilin ne ya rarake, wannan ba shi da magani sai wani wili, amma da sabon boris da giris mai yawa zai iya kai ka wani lokaci.

Cika kofin da giris, jera ƙwayoyin su manne a ciki, mayar da aksil. Sai saiti, inda haƙuri ke aiki. Murɗa kon da yatsa har ya taɓa boris, ka dawo da shi baya kaɗan, riƙe shi, ka ɗaure notin a kansa. Juya aksil da yatsu. In kana jin gurzawa, ya matse. In yana kaɗawa gefe da gefe, ya saki. Za ka yi sau huɗu ko biyar kafin ka dace, kowa haka yake yi. In wilin mai maɗaurin hannu ne, ba mai noti ba, bar masa ɗan kaɗawa kaɗan ƙwarai, domin rufe maɗaurin yana ƙara matse shi.

Wilin baya sai an cire haƙora, kuma iri biyu ne. Firiwil ɗaure shi ake yi da tiredi gaba ɗayansa, an fi samunsa a masu haƙora 5, 6 ko 7. Kaset kuma zura shi ake yi, a danne da zobe. Juya haƙoran baya ka kalli ramin da makulli ke shiga: in yana juyawa tare da su kaset ne, in ya tsaya firiwil ne. Ka san naka kafin ka je kasuwa, don ɗaya ba ya hawa gurbin ɗaya. Firiwil ɗin da ke jinkirin kamawa ba sai an buɗe shi ba. Kwantar da shi, ɗura kananzir ta tsagar kana juyawa har datti ya fita, sannan ka bi da mai.

Wuya ma haka: wanke, giris, mayarwa. Lura da fuskar da zoben boris ke kallo kafin ka cire. Gwajinsa shi ne ka kama birkin gaba ka tura keken gaba da baya. Ƙwas-ƙwas na nufin ya saki; in kuma kan ba ya faɗawa gefe da kansa sa'ad da ka ɗaga gaban ka karkata, ya matse.

Tsakiya in ta boris a buɗe ce, aikinta ɗaya da na wili, sai dai ka tuna ɓangaren aksil mai tsawo na dama ne. In kuwa rufaffiya ce, ba a gyara ta. Tana juyawa sumul, mayar da ita. Tana gurza ko kaɗawa, sayi wata mai lambobi iri ɗaya: faɗin gida 68 ko 73, da tsawon aksil, duk a rubuce suke a jikinta. Shafa giris a duk tiredi kafin ka ɗaure, da jikin sandar sirdi, don wanda zai kwance bayanka. Wataƙila kai ne.

6. Wili da taya

Mayar da wilin ba taya, ka juya shi kana kallon tazararsa da robar birki. Matsa wayoyin biyu-biyu da hannu ka ji ko akwai sakakkiya ko karyayya. Inda rim ya karkata dama, ƙara ɗaure wayoyin da suka fito daga hagun cibiya, ka sassauta na dama, rubu'in zagaye kawai a kowane karo. Riƙe alli kusa da rim yana juyawa, zai zana maka inda ya kauce. In rim ɗin ya lanƙwashe kamar faifan da ya sha rana, ko gefensa ya rarake saboda cin birki, kada ka wahalar da kanka.

Wajen sayen taya, kada ka tsaya a "26" kawai. Nemi lambar da ke gefen tsohuwar, irin 50-559. Ta ƙarshen ita ce magana: 559 shi ne inci 26 na keken hawan dutse, 584 shi ne 27.5, 622 kuma 29. Akwai wata 26 x 1 3/8 mai lamba 590, ba ta zama a rim ɗinka ko mai shago ya rantse. Tayar da gefenta ya tsattsage, ko da haƙoranta na nan, ta mutu. In kan kwalta da birji za ka fi yawo, ɗauki mai ƙananan haƙora faɗin 1.75 ko 1.95, ta fi gudu.

Duba bawul ma. Mai kauri irin na babur kowane mai faci zai ba ka iska. Siririn nan mai ɗan noti a ka yana buƙatar famfonsa ko 'yar mahaɗa. Sayi mahaɗar ka bar ta a jiki. Tabbatar akwai ƙyallen da ke rufe kawunan wayoyi a cikin rim. In babu, yanka tsohon tub ka zagaya. Maganin tsidau da ƙaya kuma, samu tsohuwar taya da ta suɗe, yanke bakinta mai waya, ka shimfiɗa ta a cikin sabuwar kafin ka sa tub. Tana ƙara nauyi, amma ta fi faci kullum. Kada ka mayar da taya da sikundireba, zai tsunkule tub. Iska kuwa, bi adadin da aka rubuta a gefen tayar, kuma in injin mai faci ne ka ce masa ya bi a hankali.

7. Kaca da haƙora

Auna kacar da ma'aunin tela. Daga tsakiyar ƙusa ɗaya, ƙusa ta 24 a gaba ya kamata ta faɗo daidai kan inci 12. In ta wuce da 1/16 na inci, canja kaca. In ta kai 1/8, to ta riga ta cinye haƙoran baya, sai ka canja su tare, in ba haka ba sabuwar kacar za ta riƙa tsalle duk lokacin da ka taka da ƙarfi. Haƙoran da suka ci za ka gan su sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya.

Kacar keken Raleigh ko Phoenix ba ta yi, ta yi kauri. Masu haƙora 6, 7 da 8 kaca ɗaya suke sha. Mai 9 tasa ta fi siranta. Tsawonta kuwa: ɗora ta kan babban faranti na gaba da babban haƙori na baya ba tare da ta bi ta injin giya ba, inda bakin biyu suka haɗu ka ƙara inci ɗaya, ka yanke.

In tsohuwar ba ta miƙe ba, tsatsa ce kawai, jiƙa ta a kananzir kwana ɗaya, goge da buroshi, lanƙwasa duk gaɓar da ta kafe har ta saki, shanya ta. Mai kuma ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sannan ka goge na waje tas da tsumma. Sabon man inji ko man keken ɗinki ya isa. Baƙin man da aka juye daga mota, wanda ake dulmiya kaca a ciki, shi da ƙurar hunturu in suka haɗu sanfefa suke zama.

8. Birki

Sababbin wayoyi da sababbin riguna, a nan ba a rowa. Wayar birki ta fi ta giya kauri, rigunansu ma daban ne. Rigar giya ba ta ɗaukar matsin birki, tana iya fashewa daidai lokacin da kake buƙatarta. Yanke riga da abu mai kaifi, buɗe bakin da ƙusa, shafa ɗan mai a wayar.

Robar birki in ta bushe ta yi tauri, jefar. In da sauranta, goge fuskarta da sanfefa, ka tsince ɓarɓashin ƙarfen da ya nutse ciki. Saita ta ta kwanta kan rim sosai, kada ta taɓa taya, kada ta leƙa ƙasa. In birki na kuka, karkata robar yadda gabanta zai riga bayanta taɓawa da kamar milimita 1. In hannu ɗaya ya fi ɗaya matsowa, akwai ɗan sukurun a gindin kowane hannu. Ɗaure na ɓangaren da ya manne, ko ka sassauta na ɗayan.

Hattara da haɗa iri biyu. Birkin V mai dogayen hannuwa, wanda ya yaɗu daga wajen 1996, da tsohon mai wayar da ta rabu biyu a sama, kowanne da maƙamarsa. In ka haɗa maƙamar tsohon da birkin V, za ta taɓo kan keke ba ta kama da kyau ba. In naka mai faifai ne, kada mai ko giris ya kusanci faifan. In kuma na ruwa ne, duba abin da aka rubuta a murfi: na Shimano ba ya shan man birkin mota, zai lalata robobinsa.

Kafin ka hau, gane wane hannu ne na gaba. Kekunan Ingila birkin gaba a dama yake, na Amurka da yawancin Turai a hagu. Tun da sabuwar waya kake sawa, mayar da shi inda hannunka ya saba.

9. Giya

Tsaya a bayan keken ka kalli injin giya. Ƙananan tayoyinsa biyu su sauko a miƙe ƙarƙashin haƙora. In sun karkata ciki, ɗan ƙarfen da injin ke rataye a kai ya lanƙwashe, kuma duk saitin duniya ba zai yi ba sai an miƙe shi. Cire injin, kama ƙarfen da sifana mai daidaitawa, ka miƙe a hankali. Na alminiyam ba ya son a yi ta kai da komo, karyewa yake.

Maɓallin da ka danna ka ji wayam, kada ka yi saurin jefarwa. Tsohon giris ne ya daskare a ciki. Fesa WD-40 ko kananzir ta ramin waya, ka yi ta dannawa, yawanci sai ka ji ƙas-ƙas ta dawo.

Akwai sukurun biyu, H da L, su ne iyaka. Kafin ka ɗaura waya, saita H har ƙaramar tayar sama ta tsaya daidai ƙarƙashin ƙaramin haƙori. Tura injin da hannu zuwa babban haƙori, saita L yadda ba zai wuce ba. Wannan L ɗin kada ka yi wasa da shi, shi ke hana injin faɗawa cikin wayoyin wili. Sai ka mayar da maɓalli kan giya mafi nauyi, ja waya da filaya, ɗaure. Juya feda ka danna sau ɗaya. In kaca ta yi nawar hawa, warware ɗan maƙogwaron da waya ta shiga ta cikinsa rabin zagaye. In saukowa take wa nawa, mayar da shi ciki. Injin giya na gaba kuma, kejinsa da kaca ke bi ta ciki ya zauna milimita 2 ko 3 sama da babban faranti, a miƙe da shi, sannan L na ƙaramin faranti, H na babba.

Yawan ƙas-ƙas na maɓalli dole ya yi daidai da yawan haƙoran baya. In ka rasa wanda ya dace, sayi maɓallin babban yatsa mara ƙas-ƙas, yana aiki da kowane iri, kunnenka ne zai riƙa gaya maka ta zauna. In kuɗi sun ƙare gaba ɗaya, bar kaca a farantin tsakiya, ka ɗaure sukurun H har injin ya tsaya kan haƙorin da ya yi maka daɗin taki. Ka samu keke mai giya ɗaya, ka ci gaba da hawa kafin aljihu ya farfaɗo.

10. Shokazobar gaba

Danna kan keken da nauyinka. In ta nutse ta dawo, goge sandunan, ɗiga ɗan mai a bakin robar, shi ke nan. In ta kafe ko tana kaɗawa gaba da baya, yawancin masu arha ba su cancanci gyara ba. Fok, wato mai ƙafa biyun da ke riƙe wilin gaba, na ƙarfe mara shokazoba ya fi ta sauƙi da aminci. Tafi da tsohon don a gwada kaurin wuyan, inci 1 ne ko 1 1/8, mai tiredi ne ko mara shi, kuma tsawon kada ya gaza.

11. Sirdi da gwajin farko

Zauna, ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Ƙafarka ta miƙe sak. Wannan ne tsayin sirdinka. A jikin sandar akwai layin iyaka, kada ya fito waje, haka ma a wuyan tsohon yayi. Robar riƙo in ta ƙi shiga, jiƙa ta da ruwa zalla, ban da mai.

Bi kowane noti da alanki sau ɗaya daga gaba zuwa baya. Maɗaurin wili na hannu ba murɗa shi ake yi kamar noti ba, ninke shi ake yi, kuma ya matse har ya bar shaida a tafin hannunka. Ɗaga keken kamar taƙi ɗaya ka sake shi, ka saurari abin da zai yi ƙara. Sa gaban tsakanin gwiwoyinka ka murɗa kan. In ya juya wili bai juya ba, ƙara ɗaurewa.

Gwajin farko a layinku za ka yi shi, ba a babban titi ba, da alanki 5 a aljihu. Gwada kowane birki shi kaɗai, bi giya ɗaya bayan ɗaya kana taki a hankali. Bayan mako guda wayoyin za su ɗan saki, giya ta fara ƙara, maƙamar birki ta yi zurfi. Rabin zagaye a maƙogwaro zai dawo da su. A ranar ka sake ɗaure notin hannun feda, ka kama kowane wili ka girgiza shi gefe da gefe ka ji ko kon ya saki.